Ba a Manta da Sarkin Yaƙi Abu Ali Ba

Ran 4 ga watan Nuwamba 2016 da dare, 'yan Boko Haram suka auka wa sansanin soja na Malam Fatori, can bakin iyakar Nijeriya da Nijar. A wannan gumurzu ne Laftanar-Kanar Muhammad Abu Ali ya kwanta dama, yana da shekara 36.

Shi dai marigayin ɗan gidan soja ne. Mahaifinsa, Birgediya Abu Ali, ya yi Gwamnan Jihar Bauchi daga 1990 zuwa 1992, daga baya ya zama Etsu na Bassa-Nge a Jihar Kogi. Ɗan kuwa a Makarantar Horon Hafsoshin Soja ta Kaduna ya sami horo, ya ƙware wajen sarrafa tankokin yaƙi.

Cikin watan Fabrairu 2015 yana Manjo aka ƙwato Monguno da Baga, shi da tankokinsa suna kan gaba. Saboda wannan jaruntaka, cikin watan Satumba na shekarar, Shugaban Sojan Ƙasa, Janar Tukur Buratai, ya je har Gamboru Ngala ya ɗaura masa muƙamin Laftanar-Kanar tun lokacinsa bai yi ba. Sarkin Yaƙi ake yi masa laƙabi.

Ran 7 ga Nuwamba aka rufe shi a Maƙabartar Soja ta Abuja, tare da soja shida da suka faɗi tare da shi. To, sunan Abu Ali ya game ƙasa, amma mutum nawa ne za su iya kawo sunan ko ɗaya daga cikin shidan nan?

Nan fa zancen ya zo gida. Ƙasar Kudancin Kaduna, daga Gwantu zuwa Kagoro da Kafanchan, ta daɗe tana ba da 'ya'yanta aikin soja, yawancinsu kuwa kurata ne da kofur-kofur. In sun faɗi, ba jaridar da ke buga hotonsu, sai gwauruwa da marayu a ƙauye.

Kowace shekara ran 15 ga Janairu, watau ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, ake tunawa da mazan jiya. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan gari na Agege da Sabo ta Ibadan su rubuta sunayen nasu da suka faɗi, su kuma riƙa aika kuɗin makarantar marayun. Zumunta a ƙafa take. Allah ya jiƙansu, amin.