Shin Ko Kun San? Abin Mamakin da Ke Cikin Tukunyar Kifi

Shin ko kun san minti 10 kacal kifi yake buƙata a wuta? Ƙa'idar masu girki ke nan: minti 10 ga kowane inci ɗaya na kaurin tsokarsa. Da zafin cikinsa ya kai digiri 63 a ma'aunin Salshiyos, ya nuna. Ba ku da ma'auni? Ku danna shi da cokali mai yatsu. In tsokar ta yi fari tana rabuwa sala-sala, maza a sauke! Saurin rabuwar tsokar nan ne ya sa gwanar farfesun tarwada ba ta sa ludayi. Kunnuwan tukunya take kamawa ta girgiza.

Kun san warin taɓon nan da ake ji a jikin tarwada da karfasa? To ku riƙe baki. Shi ne dai ƙamshin da ƙasa take yi ranar ruwan farko na damina! Sinadari ɗaya ne, sunansa jiyosmin. Hancin mutum yana jin sa ko da kashi 5 ne cikin tiriliyan ɗaya. Maganinsa kuwa? Lemon tsami. Shi ne kuma yake kashe ƙarnin kifin teku.

Tarwada fa ba da baki kaɗai take ɗanɗano ba. Da gashin bakinta take yi, da fatar jikinta, har wutsiya. Wani nau'inta na Amurka yana da ƙwayoyin ɗanɗano sama da 100,000. Ɗan Adam da ƙyar ya kai 10,000. Kun ji!

Ga wani kuma. Man omega-3 da likitoci suke yabo saboda lafiyar zuciya da ƙwaƙwalwa, asalinsa ba na kifi ba ne. Daga gansakukar ruwa yake. Ƙananan halittu su ci gansakuka, kifi ya ci su, ku kuma ku ci kifin. Ƙungiyar kula da lafiyar zuciya ta Amurka ta ce a ci kifi sau 2 a mako, musamman mai maiƙo irin su titus da sadin. A gasa, a turara, ko a yi farfesu. Tsoma shi cikin tafasasshen mai yana rage amfanin nan, ya ƙara kitse.

Titus ɗin da ke cikin firjin mai kifi na unguwarku, ko kun san daga ina ya taso? Da yawa daga ruwan sanyi na arewacin tekun Atlantika, wajajen Nowe. Ba shi da jakar iskar da take riƙe yawancin kifaye a tsakiyar ruwa. In ya tsaya, sai ya yi ƙasa. Iyo yake ba dare ba rana!

Amma a kula. In titus ko tuna ya daɗe a zafi, wani sinadari mai suna histamin yana taruwa a tsokarsa. Dafuwa ba ta kashe shi, suya ma haka. Wanda ya ci sai fuska ta yi ja, ga ƙaiƙayi, ga ciwon kai. Don haka kada a shanya daskararren kifi a rana. A narkar da shi cikin firji ko cikin ruwan sanyi.

Kuna tsame ƙayar kifin gwangwani ku zubar? Kash! Asara. Giram 100 na sadin haɗe da ƙayarsa yana ɗauke da kalsiyam kusan miligiram 380, wato ninki uku na abin da ke cikin madara mai wannan nauyin. Ƙayar ta riga ta yi laushi, a tauna kawai.

Jatan lande kuma fa? Zuciyarsa a kansa take! Ɗanyensa ruwan toka ne, da ya ji wuta sai ya rikiɗe ya yi ja. Minti 2 zuwa 3 sun ishe shi. In ya ɗan lanƙwashe, ya nuna. In ya naɗe kai da wutsiya sun haɗu, ya wuce, sai tauri.

Girman kifi ba shi ne lafiyarsa ba. Manyan mafarautan teku irin su shak sun fi tara gubar makuri, shi ya sa ake hana masu juna biyu cin su. Ƙanana masu araha su ne suka fi aminci.

Tunda ana zancen girma: giwan ruwa yana iya kai mita 2 da kilo 200. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, kifin da ya ci gasar 2005 kilo 75 ne. Sai da ƙarti huɗu suka ciccibe shi zuwa sikeli! Ku faɗa wa mai kifin unguwarku, ku ga yadda zai buɗe baki.