Fada, Fasto da Rabaran: Ina Hanya Ta Rabu?

Wanda ya ratsa Sabon Tasha a Kaduna ranar Lahadi da safe zai ga allunan majami'u jere kamar shagunan kasuwa. Ga Katolika, ga ECWA, ga Angalikan da Baftis, ga kuma wasu masu dogayen sunaye da kiɗa ke tashi daga cikinsu. A idon mai wucewa duk coci ne. Mutanen ciki kuwa sun san wanda yake Fada da wanda yake Fasto, kuma ba sa yarda a haɗa musu su. Kalmar da Kiristocin Arewa suke amfani da ita ga waɗannan rassa ita ce ɗariƙa, wadda Musulmi ma ya sani a gidansa.

Abin da ya haɗa su ya fi wanda ya raba su yawa. Kusan dukkansu sun tsaya a kan aƙidar da aka tsara a taron Nikiya na shekarar 325: Allah ɗaya ne cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kuma an gicciye Yesu Almasihu, ya tashi a rana ta uku. Littattafai 27 na Sabon Alkawari ɗaya ne a hannun kowa. Rigimar tana wani wuri dabam. Idan aka yi saɓani kan ma'anar nassi, wa ke da ikon yanke magana? A ganina sauran bambance-bambancen duk daga wannan tambaya suka tsiro.

Amsar Katolika a fili take. Ikon yana hannun bishop-bishop, waɗanda ake naɗawa ta ɗora hannu, wani daga wani, a silsilar da suke cewa ta kai har ga manzannin Yesu. A kansu akwai bishop na Roma, wato Paparoma, wanda suke ɗauka magajin Bitrus. Mai riƙe da kujerar yanzu shi ne Leo na 14, ɗan Amurka na farko da ya hau ta, an zaɓe shi a watan Mayun 2025. Mabiyansa sun kai kimanin biliyan 1.4, kusan rabin Kiristocin duniya. Sunan Katolika kansa daga Girkanci yake, yana nufin abin da ya game ko'ina. Zama Katolika shi ne yarda cewa Littafi Mai Tsarki ba ya tafiya shi kaɗai, yana tafe ne da koyarwar da ikilisiya ta gada, kuma ita ce mai fassara shi.

Ana yawan cewa 'yan Katolika sun ɗauki Paparoma ma'asumi. Ba haka abin yake ba. Abin da taron Batikan na 1870 ya zartar ƙunci gare shi: ba ya kuskure ne kawai idan ya yanke hukunci a hukumance, ga dukan ikilisiya, kan aƙida ko ɗabi'a. Tun daga lokacin sau ɗaya aka yi amfani da wannan iko ta wannan siga, a 1950, kan ɗaukar Maryamu zuwa sama. Shi ma Paparoma yana durƙusawa gaban wani firist ya furta zunubansa.

Daga nan ibadar ta ɗauki kamanninta. Katolika tana da alamu masu tsarki guda bakwai da take ganin alherin Allah yana sauka ta cikinsu, daga baftisma har zuwa shafa wa mara lafiya mai, kuma zuciyarsu ita ce jibin Ubangiji. Ɗan Katolika ya gaskata cewa idan Fada ya yi addu'a a kan gurasa da ruwan inabi, sun zama ainihin jiki da jinin Almasihu, ko da yake ɗanɗanonsu bai sauya ba. Fasto na Baftis ko ECWA zai ce tuni ne kawai. Shi ya sa baƙo daga wata ɗariƙa zai iya zama a yi sujada da shi daga farko har ƙarshe, amma ba zai shiga layin karɓar gurasa ba. Mutane kan ɗauki wannan a matsayin girman kai, alhali aƙida ce. Haka batun furta zunubi: Fadan da ya tona abin da aka faɗa masa a wannan zama ya fitar da kansa daga ikilisiya nan take, ko kotu ce ta tambaye shi. Rashin auren Fada kuwa doka ce ta reshen Roma, ana iya sauya ta. Maroniyawan Labanon 'yan Katolika ne, kuma suna da firistoci masu iyali. Maryamu da tsarkaka, in ji 'yan Katolika, roƙonsu ake yi su yi wa mutum addu'a, ba bauta musu ake yi ba. 'Yan Furotesta, irin su Baftis da ECWA, suna cewa babu matsakanci sai Yesu. Wanda ya taɓa sauraron muhawarar tawassuli a zauren malamai ba zai ji wannan gardama baƙuwa ba.

Rabuwar ta daɗe. Bayan taron Kalsidon na 451 Kibɗawan Masar suka kama hanyarsu, Habasha ta bi su. A 1054 Roma da Kustantiniya suka ɓata, aka sami 'yan Otodoks, masu bishop da alamu bakwai amma ba su yarda Paparoma ya mulke su ba. Wadda ta fi shafar mu ita ce ta 1517, lokacin da Martin Luther, wani firist Bajamushe, ya rubuta hujjoji 95 yana sukar sayar da takardun sassauta horon zunubi. Daga ƙorafin kuɗi magana ta koma ta iko. Luther ya ce nassi kaɗai ne alƙali, kuma ceto ta bangaskiya yake samuwa. Har littafin ya taɓu: na Katolika yana da littattafai 73, na Furotesta 66, don sun ajiye bakwai daga Tsohon Alkawari. To, idan kowa zai karanta ya fahimta da kansa, wa zai hana na gaba ya fahimci wani abu dabam? Sai rassa suka yi ta tohowa. Ingila ta ɓalle a 1534 saboda Paparoma ya ƙi warware wa Sarki Henry na 8 aurensa, ta riƙe bishop ta saki Roma, aka sami Angalikan. Baftis suka ce jariri bai san abin da ake yi masa ba, sai mutum ya yi hankali a nutsar da shi cikin ruwa. A 1906 a birnin Los Angeles farkawar Fentikos ta kunno kai da magana cikin harsuna da addu'ar warkarwa.

A Arewacin Nijeriya, gaskiyar magana, ba mahawarar Luther ce ta raba mutane ba. Galibi wace mishan ce ta riga isa garinku. Mishan ɗin SIM da aka soma a 1893 ta haifi ECWA a 1954. Ɗan mishan Karl Kumm ya sauka Wase a 1904, daga aikin ƙungiyarsa COCIN ta fito. Fadannin Katolika suka kafa sansani a Shendam a 1907. Ekklesiyar 'Yan'uwa ta soma a Garkida a 1923, Angalikan kuma suka yi gida a Wusasa ta Zariya. Hausa ce ta zama harshen wa'azin yawancinsu, musamman bayan fitowar Littafi Mai Tsarki a 1932. Katolika ta daɗe tana sujada da Latin, sai bayan taron Batikan na 1962 zuwa 1965 aka buɗe ƙofa ga harsunan gida.

Tun 1976 ɗariƙun suna zama inuwa ɗaya a ƙungiyar CAN, kuma a gidan makoki ko taron zumuntar mata da wuya ka gane wace ce wace. Inda abin yake fitowa shi ne ranar neman aure. Saurayi ɗan Katolika da ya ga yarinya 'yar ECWA sai ya nemi izinin bishop, ya kuma yi alkawarin zai yi iya ƙoƙarinsa 'ya'yan su tashi a Katolika. Iyayen yarinya su kuma za su tambaya ko za a yi wa jikansu baftisma yana goye, ko za a bari ya girma ya nema da bakinsa.