Waziri Ibrahim, attajirin da ya kafa jam'iyya da aljihunsa

Duk wanda ya yi wayo a zamanin Shagari ya san taken nan na "siyasa ba da gaba ba". Mai taken shi ne Alhaji Waziri Ibrahim, haifaffen Yerwa a 1926, wanda ya koyi lissafin riba da faɗuwa a kamfanin UAC, har ya kai matsayin manaja a lokacin da Turawa suka kankane irin waɗannan kujeru.

Daga kanti ya tsallaka jam'iyyar NPC, ya je majalisar wakilai a Legas. A gwamnatin Tafawa Balewa ya riƙe ma'aikatar lafiya, daga baya ta raya tattalin arziki. Da sojoji suka yi juyin mulki a 1966 sai ya koma kasuwa, kuma a nan ya tara dukiyar da ake ba da labarinta.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne 1978. Waziri na cikin waɗanda suka haɗa jam'iyyar NPP, da kuɗinsa kuwa. Sai ya ce shi ne shugaban jam'iyya, shi ne kuma ɗan takarar shugaban ƙasa. A kamfani wannan ba abin mamaki ba ne, mai jari shi ke yanka. Amma abokan tafiya suka ce ba za ta saɓu ba, suka janyo Azikiwe. Waziri ya tattara nasa ya nasa ya kafa GNPP.

A zaɓen shugaban ƙasa na 1979 shi ya zo na biyar, da kusan kashi 10 cikin ɗari na ƙuri'u. Kada a raina wannan: jam'iyyarsa ta ci kujerar gwamnan Borno da Muhammadu Goni, ta ci ta Gongola da Abubakar Barde, a arewar da jam'iyyar NPN ke ganin tata ce. Gabar da yake gudu kuma ba ta ƙyale shi ba. A farkon 1980 gwamnatin tarayya ta kwashi Shugaba Darman, jagoran masu rinjaye na GNPP a majalisar Borno, ta jefa shi Chadi wai ba ɗan ƙasa ba ne. Sai da kotu ta dawo da shi.

Kafin zaɓen 1983 gwamnonin biyu duk sun bar shi, Goni ya koma UPN. A ganina halin nan na mai kanti ne ya sake cin sa, domin gwamna mai baitulmalin jiha a hannu ba ya zama yaron shagon kowa.

Ya rasu a 1992. 'Yarsa Khadija Bukar Abba Ibrahim ta shiga majalisar wakilai daga Yobe, ta kuma yi ƙaramar ministar harkokin waje a gwamnatin Buhari.