Sirrin Tayimin: Me Ya Sa Wani Inji Ke Ja, Wani Kuma Sai Ƙara Kawai?

 Ga rubutaccen shirin wannan makon domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Tambayarmu ta yau daga Dandin Mahe ta zo, a ƙaramar hukumar Shagari ta jihar Sakkwato. Wani ɗan'uwa ne ɗan kabu-kabu. Ya ce aikinsa ɗauko fasinja da buhunan albasa daga ƙauyuka zuwa bakin titin da ke zuwa Bodinga da Sakkwato. An ba shi shawara ya sa kamshaf na tsere, ko a gusa masa tayimin da haƙori ɗaya, wai mashin zai ƙara wuta. Yana tambaya ko ya yarda.

Malam, amsata a taƙaice ita ce kar ka yarda. Amma ba na son ka karɓa don ni na faɗa, bari mu buɗe injin tare.

Injin mashin ɗinka, da na Keke Napep, da na Golf, da na injin ban-ruwa a fadama, duk aiki huɗu suke maimaitawa: shaƙa, matsa, fashewa, fitarwa. Fistin ya sauka ya shaƙi iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta su fashe su turo shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Wani Bajamushe, Nikolaus Otto, shi ya fito da injin da ke aiki a kan wannan tsari a 1876, kuma har yau a kansa muke.

Ƙofofin shiga da fita su ne bawul, mai buɗe su kuma shi ne kamshaf, wato sandar ƙarfe mai tozo-tozo. In tozon ya juyo sai ya tura roka, roka ta danna bawul ya buɗe, in ya wuce sifirin ya dawo da shi ya rufe. Kafin ayyukan nan huɗu su cika, karanshaf yana juyi biyu, digiri 720 ke nan, kamshaf kuwa juyi ɗaya. Shi ya sa giyar da ke kan kamshaf take da ninkin haƙoran ta ƙasa. Abin da ke haɗa su, ko cen ne, ko bel, ko giya da giya. Daidaiton da ke tsakaninsu shi muke kira tayimin.

To me ake nufi da "ƙarfi"? A nan ne mutane ke haɗa abu biyu. Akwai ƙarfin murɗa, wanda Bature ke ce wa tok, ana auna shi da Nm. Shi ne ke tayar da kai daga tsaye da buhu biyu a baya, shi ne ke fitar da kai daga rairayi. Akwai kuma ƙarfin doki, wanda ake samu in an ninka ƙarfin murɗa da yawan juyin inji a minti ɗaya. Ka ga ke nan inji zai iya samun ƙarfin doki mai yawa ba don yana da ja ba, sai don yana juyawa da sauri sosai. Ku dubi Honda GX160, injin da ke kan famfunan ban-ruwa da yawa: ƙarfin murɗarsa ya kai 10.3 Nm a juyi 2,500 kacal. Ba a yi shi don gudu ba, an yi shi ne ya riƙe nauyi yini guda. Boxer mai 100cc kuwa nata wajen 8 Nm ne.

Yanzu ga zuciyar maganar, ku ba ni hankalinku. Bawul ɗin shaƙa ba ya rufewa daidai lokacin da fistin ya kai ƙasa. Yana jinkirtawa har sai fistin ya fara hawowa. Me ya sa? Saboda iska tana da nauyi. In ta taho da gudu, ko fistin ya juyo za ta ci gaba da kutsawa na ɗan lokaci, kamar yadda jama'a ke ci gaba da turowa ƙofar fili ko da an ce ya cika. In inji na juyawa da sauri, wannan jinkirin riba ce, silinda na ƙara cika. In kuwa a hankali yake juyawa, iskar ba ta da wannan gudun, sai fistin ya sake turo wani ɓangarenta waje ta ƙofar da ba a rufe ba. Abin da ya rage a ciki ya yi kaɗan, matsi ya ragu, ja ya mutu.

Kamshaf na tsere abin da yake yi ke nan: tozonsa ya fi tsayi da faɗi, bawul na buɗewa sosai, yana daɗewa a buɗe, kuma lokacin da bawul biyu ke buɗe tare ya fi tsawo. A sama, in an zuƙe totur, zai yi wuta, gaskiya ne. A ƙasa fa? Silo ɗinsa ba ya zama, yana shan mai, in ka ɗora kaya sai ka ta wasa da kuloci kafin ya tashi. Bai ƙirƙiro maka sabon ƙarfi kyauta ba, ya kwashe na ƙasa ne ya kai sama. Kai kuma da ke yini tsakanin giya ta ɗaya da ta uku a hanyar burji, a ƙasan nan abincinka yake.

Saura batun gusa haƙori ɗaya. Masu haɗa injin tsere a Amurka da Japan suna gusa kamshaf, ba ƙarya ba ne. In sun sa shi ya riga, bawul ɗin shaƙa na rufewa da wuri, ja na ƙasa ya ƙaru. In sun sa shi ya makara, ƙarfin ya koma sama. Amma da digiri 2 zuwa 4 suke wasa, da faifan awon digiri da giya ta musamman mai daidaituwa. Mu yi lissafi: in giyar kamshaf tana da haƙora 32, haƙori ɗaya digiri 11.25 ne a kamshaf, wato 22.5 a karanshaf. Ninki biyar ke nan da ɗoriya na abin da ƙwararru ke taɓawa. Kuma akwai lokacin da tazarar da ke tsakanin kan fistin da bawul ba ta wuce 'yan milimita ba. In ka sa ya riga da yawa, fistin na kusantar bawul ɗin shaƙa, in ya makara da yawa ya kusanci na hayaƙi. Ranar da suka gaisa, bawul ya lanƙwashe, sai sauke inji. Kwana nawa za ka yi ba ka fita nema ba?

Abin da ya fi faruwa a garejinmu ma, tayimin na gocewa ne ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Cen in ya tsufa yana miƙewa, sai kamshaf ya riƙa makara. Haka in an kai kan silinda an goge shi, tazarar sama da ƙasa ta ragu, a injin da kamshaf ke sama tayimin na ɗan komawa baya. Mai mashin sai ya ce "ba ya ja kamar da", ya canza fulogi, ya wanke kafireta, a banza. A buɗe murfin magineto, a kawo alamar T daidai da tsagar da ke jikin inji, sannan a duba ko alamar giyar sama ta zauna a wurinta. Aikin 'yan mintuna ne.

Sai tafet, wato 'yar tazarar da ake bari tsakanin roka da kan bawul saboda ƙarfe na kumbura in ya yi zafi. Wasu na son a ɗaure shi tam don inji ya yi shiru. Kuskure ne babba, musamman a Sakkwato inda zafin Afrilu ke haura digiri 40. Bawul ɗin hayaƙi yana sauke mafi yawan zafinsa ne lokacin da ya zauna a mazauninsa. In bai zauna sosai ba zai ƙone, matsi ya zube, da safe ka ta buga kik. In ya yi sako-sako kuma, ga ƙara, ga bawul ba ya buɗewa yadda ya kamata. A wasu samfuran GX160 tazarar 0.15mm ce a shaƙa, 0.20mm a hayaƙi, kuma da inji a sanyi ake aunawa, da fila-geji, ba da kunne ba. Kowane inji da nasa awon.

Kamfanoni ma sun san rikicin nan na sama da ƙasa. Honda ta fito da VTEC a 1989, tozo iri biyu a kamshaf ɗaya, ƙarami na ƙasa, babba na sama. Toyota ta kawo VVT-i a 1995, mai gusa kamshaf da kansa yayin tafiya, shi ne a Corolla da Camry da suka cika titunanmu. Dukansu da matsin baƙin mai suke aiki. In ka zuba jabun mai ko ka bar shi ya yi kauri, 'yan hanyoyin su toshe, motar ta yi sanyi. Ita kuma CG125 da Honda ta fitar a 1975, da gangan aka sa kamshaf ɗinta a ƙasa da sandunan turi, don ta jure ƙasashen da ba a cika canza mai a kan kari ba.

Masu mota mai bel, ku ma ku ji. A Camry mai injin 2.2 ta 1997 zuwa 2001, in bel ya tsinke mota za ta tsaya ne kawai. A Accord mai silinda huɗu ta 1998 zuwa 2002, fistin na iya dukan bawul. Kar ku jira sai ya tsinke a tsakiyar hanyar Tambuwal.

Saboda haka ɗan'uwa, in ja kake nema, a duba cen da abin ɗame shi, a saita tafet, a wanke matatar iska saboda ƙurar hunturu, a zuba mai nagari. In kaya sun yi yawa, ƙara haƙora biyu ko uku a giyar tayar baya ya fi maka arha da aminci, gudu zai ɗan ragu amma tashi zai yi sauƙi.

Makanikan da ke bibiyarmu, ku faɗa mana abin da kuke gani a garejinku, kuma ku tura wa ɗan kabu-kabun da kuka sani. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, za mu shiga batun rin da hayaƙin salansa. Allah Ya tsare hanya, Ya sa albarka a nema.