Me ke kawo tangarɗar hoto yayin mayar da tsofaffin kaset-kaset na bidiyo cikin kwamfuta?

A gidaje da dama akwai kaset-kaset na bikin aure, ko suna, ko saukar karatu, waɗanda aka ɗauka da ƙananan kyamarori shekaru ashirin ko talatin da suka gabata.

Sau da yawa, kaset guda shi ne kaɗai abin da ya rage na murya da fuskar wani mahaifi ko kaka da ya riga mu gidan gaskiya.

To sai dai kuma idan aka zo kwafe su cikin kwamfuta, hoton kan riƙa rawa, ko launi ya ɓace, ko murya ta saɓa da motsin baki, har mutum ya ɗauka kaset ɗin ya mutu.

Galibi ba haka lamarin yake ba. Hoton yana bi ta matakai huɗu ne: kaset, da na'urar da ke kunna shi, da 'yar na'urar da ke miƙa shi ga kwamfuta, sai kuma kwamfutar. Kowane daga cikinsu na iya zama tushen matsalar.

Gwajin farko

Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa kyamarar ko na'urar bidiyon kai tsaye da talabijin.

Idan hoton ya fito tas, to kaset da na'urar lafiyarsu ƙalau, sai a duba ɓangaren kwamfuta.

Idan kuma tangarɗar ta bayyana a talabijin, sai a saka wani kaset da aka tabbatar yana da kyau. Idan shi ma ya yi dishi-dishi, laifin na'ura ne.

Matsalar na'ura

Ana adana hoto ne a jikin zaren kaset ta hanyar maganaɗisu, a wasu siraran layuka da ke kwance a karkace. Wasu ƙananan kawuna masu juyawa, waɗanda masu gyara ke kira hed, su ne ke karanta su.

Idan kawunan suka kauce wa layukan, sai a ga wani zane mai dishi-dishi ya gitta hoton. A na'urorin VHS ana gyara wannan da maɓallin daidaitawa da ake kira tirakin.

Matsalar ta fi yawa a kaset ɗin da aka ɗauka da tsarin LP, wanda ke rage gudun zare domin a sami ƙarin lokaci. Irin wannan kaset ya fi fita da kyau a kyamarar da ta ɗauke shi tun asali.

Idan kuwa dukkan allon ya zama shuɗi, mai yiwuwa datti ne ya toshe kawunan. Ana goge su da kaset na musamman na 'yan daƙiƙoƙi, amma ba da auduga ba, domin zarenta na iya karya su.

Matsalar kaset

Danshin damina kan haifar da funfuna, wadda ake gani fari-fari ta tagar kaset. Bai kamata a kunna irin wannan ba sai an tsabtace shi, domin zai ɓata kawunan na'ura, ya kuma shafa wa sauran kaset-kaset.

Fararen layuka da ke walƙiya su ɓace kuwa, alama ce ta cewa sinadarin da ke jikin zaren ya banƙare a wurin. Abin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

A kaset na MiniDV, wanda ya fito a shekarar 1995, lahanin kan bayyana ne kamar ƙananan murabba'ai. Shi wannan samfurin tun asali bayanan dijital yake ɗauke da su, don haka ya fi kyau a kwafe shi ta wayar FireWire, inda sa'a guda ke cin kimanin gigabait 13.

Ɓangaren kwamfuta

Tsofaffin samfura kamar Video8 na shekarar 1985 da Hi8 na 1989 ba sa fitar da hoto da saurin da ba ya canzawa, saboda zare kan miƙe ko ya takure.

Tsohuwar talabijin na jure wa wannan, amma na'urorin kwafa masu araha sukan rikice, sai saman hoto ya lanƙwashe, ko wasu hotuna su zube, murya ta wuce gaba.

Maganin shi ne na'urar daidaita lokaci da aka fi sani da TBC, wadda wasu kyamarorin Hi8 da Digital8 ke da ita a ciki.

Idan hoto ya fito baƙi da fari ko yana birgima, a duba tsarin launi. Najeriya da Ghana sun yi amfani da PAL, mai hotuna 25 a daƙiƙa guda, Nijar da Faransa SECAM, yayin da Amurka da Japan suka bi NTSC, mai kusan 30. Kyamarar da aka sayo daga Amurka na buƙatar a saita kwamfuta a kan NTSC.

Akwai kuma abubuwan da ba lahani ba ne. Ɗan layin da ke rawa a can ƙasan hoto ya daɗe a wurin, gefen tsohuwar talabijin ne ke ɓoye shi.

Haka nan zane mai kama da haƙoran mataji a jikin abin da ke motsi, yana faruwa ne saboda kowane hoto an raba shi gida biyu. Manhaja na iya haɗe su daga baya.

Lokaci na ƙurewa

A watan Yulin 2016 ne kamfanin Funai na ƙasar Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar VHS, ya dakatar da aikin.

Tun daga lokacin, tsofaffin na'urori da kayan gyaransu sai raguwa suke yi.

Saboda haka jinkirta kwafa na da haɗari, haka ma jefar da kaset bayan an kwafe shi. Idan aka ajiye shi a tsaye, a busasshen wuri mai sanyi, nesa da lasifika, wata na'urar da ta fi kyau na iya fito da abin da ta farko ta kasa.