ƘOSHI DA GUNDURA: NAZARIN MA'ANAR KATIN "KOFI HUƊU" A KARTAR TAROT

1.0 Gabatarwa

Tarot, wadda Faransawa ke furtawa "taro", wata irin karta ce ta Turai mai ɗauke da kati 78. A yau an fi saninta a matsayin kayan duba, amma ga mai nazarin al'adu tana da wani amfani dabam, domin kuwa katunanta sun zama rumbun alamomin da Turawa suka tara shekara da shekaru don siffanta halayen zuciyar ɗan'adam. Wannan maƙala ta ɗauki kati ɗaya tak, watau na huɗu a gidan kofi, wanda ake dangantawa da halin mutumin da ya samu har ya ƙoshi, amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Manufa ita ce a nuna yadda wannan ma'ana ta hau kan katin, da mutanen da suka ɗora ta, da kuma ainihin halin da hoton ke siffantawa. Da'awar masu duba ta sanin gaibu ba ta cikin abin da za a tattauna. Tarihin alama da ma'anarta su ne abin nazari a nan.

2.0 Asalin Karta da Gidan Kofi

Karta ta shiga Turai a cikin shekarun 1370, kuma galibin masana tarihi sun tafi a kan cewa daga daular Mamluk ta Masar ta fito. A gidan tarihi na Topkapi da ke Istambul akwai ragowar wata kartar Mamluk wadda L. A. Mayer ya bayyana wa duniya a 1939. Gidajenta huɗu ne: kofi, da kuɗi, da takobi, da sandar wasan folo. Italiyawa sun karɓi waɗannan gidaje kamar yadda suke, sai dai sun mai da sandar folo sanda zalla, tun da yake ba su san wasan ba. Wajen shekarar 1440, a biranen arewacin Italiya irin su Milan da Ferrara da Florence, aka ƙara wa karta kati 22 masu hotuna na musamman, kamar Sarki da Fafaroma da Mutuwa da Rana da Wata. Sauran kati 56 kuwa sun kasu gida huɗu, kowane gida da kati 14, goma na lamba da huɗu na 'yan sarauta. Wannan ita ce Tarot.

Wajen 1480 Faransawa suka sauƙaƙa alamomin karta domin sauƙin bugawa, inda hoton zuciya ya maye gurbin kofi. Har yanzu Larabawa da yawa na kiran gidan zuciya "kubba", daga kalmar Italiyanci "coppa" mai nufin kofi, kuma da alama ta nan ne 'yan kartar ƙasar Hausa suka sami kalmar "kubi". Ke nan kofi da zuciya gida ɗaya ne tun asali, kuma wannan dangantaka ta taimaka wajen jingina gidan kofi ga al'amuran soyayya da shauƙi.

Abin lura shi ne, sama da shekara ɗari uku Tarot ba ta wuce abin wasa ba. Masanin falsafa na Jami'ar Oxford, Michael Dummett, ya tabbatar da haka dalla-dalla a littafinsa The Game of Tarot na 1980. A tsofaffin kartoci, kamar wadda ake kira ta Marseille, katin Kofi Huɗu ba ya ɗauke da komai sai kofuna huɗu da ɗan adon furanni. Darajarsa ta wasa ce kurum. A yawancin dokokin wasan ma, a gidan kofi da na kuɗi ƙaramar lamba ita ke cinye babba, saboda haka huɗu ta fi tara ƙarfi.

3.0 Yadda Ma'ana ta Hau Katin

A 1781 wani malami mai suna Antoine Court de Gébelin ya wallafa a birnin Paris juzu'i na takwas na littafinsa Le Monde primitif, inda ya yi da'awar cewa Tarot ragowar littafin hikima ne na firistocin tsohuwar Masar. Bai kawo wata hujja ba, kuma bayan da Champollion ya warware rubutun Misirawan da a 1822 ba a sami komai da ya gaskata shi ba. Duk da haka da'awar ta sami karɓuwa. Jean-Baptiste Alliette, wanda ya juya sunansa ya zama Etteilla, shi ne ya fara ba kowane kati ma'anar duba a rubuce, har ya fitar da tasa kartar wajen 1789. Shi ne ya laƙaba wa Kofi Huɗu kalmar Faransanci "ennui", watau gundura. Idan kuwa katin ya fito a kife, ya ce yana nufin sabon sani ko sabuwar hulɗa.

Mataki na biyu ya zo ne daga Ingila. A 1888 aka kafa wata ƙungiyar asiri a Landan mai suna Golden Dawn, wadda ta haɗa gidajen karta huɗu da sinadarai huɗu na tsohuwar falsafar Yunanawa: sanda da wuta, takobi da iska, kuɗi da ƙasa, kofi kuma da ruwa. Ruwa a wurinsu alamar shauƙi ne. Lamba huɗu kuwa alamar kafuwa ce da tsayuwa wuri ɗaya. In aka haɗa biyun sai a sami ruwan da ya daina gudu ya kwanta, kuma kwantaccen ruwa ba ya daɗewa bai canza ɗanɗano ba. Don haka suka yi wa katin laƙabin da ke nufin jin daɗi mai gauraye. Daga baya Aleister Crowley, wanda ya taɓa zama ɗan ƙungiyar, ya kira shi da sunan da ke nufin holewa cikin daula a littafinsa na 1944.

4.0 Hoton Shekarar 1909

Ma'anar ba ta zama abin gani da ido ba sai a watan Disamba na 1909, lokacin da kamfanin William Rider da ke Landan ya buga kartar da Arthur Edward Waite (1857–1942) ya tsara, Pamela Colman Smith (1878–1951) ta zana. Dukansu biyu 'yan Golden Dawn ne. Smith, wadda aka haifa a Landan, ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta a Jamaika, ta kuma koyi zane a Cibiyar Pratt da ke New York. Babban abin da ta yi shi ne zana cikakken hoto mai labari a kan kowane katin lamba, abin da kusan ba a taɓa yi ba in ban da kartar Sola Busca ta wajen 1491, wadda aka ajiye hotunanta a gidan tarihi na Birtaniya tun 1907.

A hoton Kofi Huɗu, wani saurayi ne zaune a kan ɗan tudu, a gindin bishiya. Ya tanƙwashe ƙafafu, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya sunkuyar da ido. Kofuna uku na zinariya suna jere a gabansa a kan ciyawa. Ta gefensa kuma wani hannu ya fito daga cikin ɗan gajimare yana miƙa masa kofi na huɗu, shi kuwa ko kallo bai ishe shi ba. Sararin sama garau yake, ciyawa kore shar, babu wata alamar masifa ko rashi. Shi wannan hannu mai fitowa daga gajimare shi ne dai Smith ta zana a kan katin farko na kowane gida, inda yake alamta kyauta daga sama da mafarin sabon al'amari. A nan kaɗai aka nuna kyautar ta zo, wanda aka kawo wa ya ƙi miƙa hannu.

Ana ƙara fahimtar katin in an dube shi tare da maƙwabtansa. A Kofi Uku, 'yan mata uku ne ke rawa, kowace ta ɗaga kofinta, watau biki da shagali. A Kofi Biyar, wani mutum ne cikin baƙar alkyabba yana kallon kofuna uku da suka kife suka zube, ya juya wa biyu da ke tsaye baya. Kofi Huɗu ya faɗo tsakanin biki da hasara: an watse daga biki, ba a kuma yi rashin komai ba tukuna, amma daɗin ya riga ya gushe.

5.0 Wane Hali ne Wannan?

Hausa tana da kalmomin da ke rarrabe halayen da hoton ya cakuɗa. Saurayin ba mai kwaɗayi ba ne, domin mai kwaɗayi da tuni ya fizge kofi na huɗu. Shi ake yi wa kashedi da cewa kwaɗayi mabuɗin wahala. Ba mai baƙin ciki ba ne kuma, tun da bai rasa komai ba. Kalmar da ta fi dacewa da shi ita ce ginsa, kamar yadda maiƙo ko zuma kan ginshi mai ci har ya kau da kai daga abin da yake marmari ɗazu. Daga ginsa sai gundura, daga gundura sai ƙosawa, inda mutum ke jin kome da ke kewaye da shi ya ishe shi ba tare da ya iya faɗin dalili ba. Waite kansa, a littafin da ya rubuta don bayanin kartar, ya fassara katin da gajiya da ƙyama da ɓacin ran da ba shi da tushe sai a tunanin mai shi.

Masu fassara na baya sun kasu biyu. Kashi na farko na ganin hoton zargi ne: mutum ya raina ni'imar da ke gabansa, ya kuma makance wa wadda ke zuwa. Kashi na biyu na ganin saurayin ya keɓe ne don tunani, har wasu na kwatanta zamansa da na Buddha a gindin bishiya. A wurinsu ƙin karɓar kofi na huɗu hikima ce, domin wanda kofi uku ba su kashe wa ƙishirwa ba, na huɗu irinsu ba zai kashe ba. Hoton bai yanke hukunci tsakanin fassarorin biyu ba, saboda Smith ba ta nuna ko saurayin ya ga hannun ya ƙi, ko kuwa bai ma gan shi ba.

Wani abin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne dangantakar katin da Kofi Tara, wanda ake ɗauka katin biyan bukata da gamsuwa. A can wani mutum ne mai jiki zaune a kan benci, kofuna tara jere a bayansa a kan dogon teburi mai shuɗiyar shimfiɗa, fuskarsa cike da fara'a. Shi ma ya harɗe hannuwa a ƙirji, daidai da yadda saurayin Kofi Huɗu ya yi. Watau mai zanen ta ba gamsuwa da gundura zama iri ɗaya. Dukansu biyu sun daina miƙa hannu, ɗaya don ya wadatu, ɗaya don ya ginsu. Bambancin yana ga ido: na Tara ya ɗaga kai yana duban mutane, na Huɗu ya sunkuya yana duban ƙasa. Wannan ya yi daidai da rarrabewar da Hausa ke yi tsakanin wadata, wadda ake ƙirgawa, da wadatar zuci, wadda ba ta da ma'auni a waje.

Halin nan ya daɗe yana damun masu tunani a Turai. Kalmar "ennui" ta samo asali ne daga wata jimlar Latin mai nufin abu ya zama abin ƙi. Tun a ƙarni na huɗu, Evagrius Ponticus, wanda ya rasu a 399, ya siffanta wata cuta ta zuciya da ke kama masu zuhudu na Kirista a hamadar Masar da tsakar rana, har ɗakin ibada da aikin hannu su gundure su. A 1971 masanan halayyar ɗan'adam Philip Brickman da Donald Campbell suka bayyana cewa mutum kan saba da kowace ni'ima da sauri, jin daɗinsa ya koma inda yake da. A wani bincike na 1978, Brickman da abokan aikinsa sun gano cewa mutum 22 da suka ci maƙudan kuɗi a caca ba su fi sauran mutane farin ciki da wani abin kirki ba, sun ma rage jin daɗin ƙananan al'amuran yau da kullum.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata an ga cewa ma'anar Kofi Huɗu ginanniya ce, kuma an san maginanta. Mamluk sun ba da kofi, Italiyawa sun sa shi a wasa, Etteilla ya laƙaba masa kalma, Golden Dawn ta nemo wa kalmar dalili, Pamela Colman Smith kuma ta ba ta fuska da zama. Aikin Smith ne ya fi tasiri, domin yawancin kartocin da aka zana bayan 1909 nata hoton suke bi, ko da yake ita ta rasu a 1951 a garin Bude na Ingila cikin talauci da bashi. Ga mai nazarin harshe da al'ada, katin misali ne na yadda alama maras ma'ana ke tara ma'ana a hannun al'umma, har masu amfani da ita su ɗauka da ita aka halicce ta. Ya kuma nuna cewa kwatanta kalmomin da harsuna dabam-dabam ke amfani da su wajen rarrabe ƙoshi da ginsa da wadatar zuci fage ne da ke bukatar ƙarin bincike.