Kafin ka sayi injin kwashe dusar ƙanƙara na tarakta

Ka sha ganin bidiyon a TikTok: tarakta na feso dusar ƙanƙara sama kamar gari. Abin burgewa ne a waya, amma ga mai gida a karkarar Kanada ko arewacin Amurka, ba wasa ba ne. A watan Nuwamban 2014, dusar da ta zuba a kewayen birnin Buffalo ta haura mita 2. In ba ka share hanyar gidanka ba, ba fita aiki, motar asibiti ma ba ta isowa.

To, idan zama ya kai ka can, wanne za ka saya? Fara duba taraktarka. Faɗin injin ya ɗan zarce na tayoyinta, in ba haka ba, take dusar za ka riƙa yi tana daskarewa. Amma kar ka ɗora wa ƙaramar tarakta ƙaton inji, zai fi ƙarfinta.

Wanda ake ɗaurawa a baya ya fi araha, sai dai yawanci da ribas za ka yi aiki, wuyanka ya sha waiwaye. Na gaba ya fi daɗin aiki, amma aljihu zai ji a jikinsa.

In ya toshe kuwa, kashe taraktar tukuna, ka tsokale da sanda. Kar ka kuskura ka sa hannu. Da yawa sun rasa yatsu a haka.